Zancen Malamin Aji: An sake ma akwati huska da dare

   

Watan ga na yi niyya in yi maku zancen lissahin awon hatsi. Sai wani abu ya hwaru nan Bambeye, na ce bari in gabatar da shi, don na san ba mu kaɗai ya sama ba.

Cikin ajinmu na karatun manya akwai wani magidanci, shina da gidan kallo. Rumhwa ta ta kara, da tabarmi, da benci biyu, da tele, da panno da batir. Ƙanensa da ke bida Abijan shi ya aiko mashi da wani ɗan akwati baƙi, bai kai tahin hannu biyu ba. Ana liƙa shi bayan tele. Ba shi da parabol, ba shi da eriya. Ta intanet shike jawo hoto, da megar da aka saye cikin waya. Da shi ake kallon balo, da him ɗin Kano, da wa'azi, da kokowa. Mai son kallo shi biya dala 20, yara dala 10.

Mutumin ga bai daɗe da shiga aji ba. Ya san baƙaƙe, amma bai kai ga haɗa su da sauri ba. To ƙaƙa shike tahiyar da akwatin? Da ƙirga. Ƙanensa ya koya mashi ta waya: in ka kunna, ka latsa ƙasa sau 2, dama sau 3, ka latsa tsakiya. Ga balo. In him kake so, ƙasa sau 2, dama sau 1. Ya riƙe wanga kamar karatun allo. Ya hi shekara bai ɓata ba ko sau guda. Ko da duhu, ko ido ruhe, hannunsa ya san hanya.

Sai lokacin kokowar takobi da ta wuce. Kun san mu da kokowa. Tun 1975 da anka hwara ta ƙasa baki ɗai, a Tawa anka hwara ta, ba a yi ma mutumin Adar wasa da ita. Ran nan rumhwa ta cika har waje. Kowa ya biya. Ya kunna akwati, sai ga wani rubutu bisa gilashi, da wani layi shina cika sannu sannu. Anka jira. Tele ta mutu da kanta, ta tashi da kanta. Da ta tashi, sai ga wata huska wadda bai taɓa gani ba. Bisa duka wani babban hoto shina motsi, ana tallar wani abu da ƙara. Ƙananan hotunan da ya sani sun watse. Ya latsa ƙasa sau 2, dama sau 3, tsakiya. Sai ga him ɗin Indiya. Ya koma, ya sake. Sai ga wasan yara.

Ku zo ku ji surutu. Wani ya ce batir na ya yi sanyi. Wani ya ce rezo na. Wani dattijo ya ce hassada ta, shi nemi taimako. Samari sunka ce shi ba su kuɗɗinsu, za su tahi su saurara ga rediyo. Ya hiddo kuɗɗi ya maida ma kowa. Da mutane sunka watse, ya kama ɗansa, yaron da ke share rumhwa, ya ce shi na ya yi wasa da abin latsawa da rana. Yaro ya rantse bai taɓa ba. Bai hana shi shan bulala ba.

Ran Lahadi ya ɗauki akwati ya hau mota zuwa Tawa. Ya kai ma wani mai gyara. Mai gyara ya jujjuya, ya lallatsa, ya amshi jika 2, ya ce an gyara. Ya komo gida, ya kunna, huskar nan dai ta. Kuɗɗin mota sun tahi, na gyara sun tahi, na kallo sun tahi.

Ran Litinin da dare ya zo aji da abin latsawa cikin aljihu. Ya ce mani: "Malam, duba mani wanga abu. Ko dai kaina na ya ruɗe?"

Na ce: "Maigida, kanka lahiya lau. Akwatinka ma lahiya lau. Yaron nan kuma bai taɓa komi ba."

Ga abin da na gaya mashi, ku ma ku ji.

Irin wanga akwati abu biyu na a haɗe. Akwai jiki, wato roba da ƙarhe da waya, abin da hannu ke taɓawa. Akwai kuma tsarin da ke ciki, wanda ke nuna hotuna, shi jera su, shi ce wanga nan, wancan can. Jikin kun saya, naku na. Tsarin ciki ba a saida maku shi ba, aro anka ba ku. Kamar gonar aro ta: kai ka yi shara, kai ka kai taki, amma ran da mai gona ya ga dama sai shi hidda hanya ta tsakiyarta, ba shi tambayarka. Muddin akwati na haɗe da intanet, kamhwanin da ya ƙera shi na iya aiko mashi da sabon tsari daga ƙasarsu. Wanga layi da munka ga shina cika, shi ke nan sabon tsarin na shiga. Masu waya sun san shi, da Faransanci ake rubuta *mise à jour*. Kuma da megarka shike shiga, ba da tasu ba.

Sai ya ce: "To don mi? Mi tsohon ya yi masu?"

Wani lokaci gyara na na gaskiya. Akwai ɓarayi cikin intanet, in an gano ƙohwar da suke shiga sai a toshe ta. Wanga ba mu ƙi ba. Amma sake huska, mafi yawa zancen kuɗɗi na. Ku duba kasuwar Tawa. Rumhwar da ke bakin ƙohwa da wadda ke can ƙurya, kuɗɗin hayarsu ba ɗaya ba na. Kowa ya shigo, ta bakin ƙohwa shike hwara gani. To abin da ido ke hwara gani in an kunna tele, shi na bakin ƙohwa. Kamhwani na saida wanga wuri ga masu talla da masu him. Abin da kai kake so, sai a tura shi ƙurya, don ka ratsa ta gaban hajarsu kahin ka kai. Shi ya sa akwatunan ga ba su da tsada ƙwarai. Ba ga saida akwati kaɗai suke cin riba ba, ga idonka suke ci, kullum.

Kada ku ce don muna ƙauye anka yi mamu haka. Can inda ake ƙera abubuwan ma kuka suke. A ƙarshen 2023 kamhwanin Amazon ya sa akwatunansa da ake kira Fire TV su riƙa buɗewa da talla mai cika gilashi, tana tashi da kanta da an kunna. Mutane sunka yi ta hushi, sunka riƙa koya ma juna inda ake kashe motsinta. A watan Maris 2024 wani kamhwanin Amurka, Roku, ya aika ma masu akwatunansa da wani rubutu bisa tele, na sabbin sharuɗɗa. Ba ka kallon komi sai ka latsa ka yarda. Wanda bai yarda ba, anka ce shi rubuta takarda shi aika ta gidan waya cikin kwana 30. Ku duba hwa: yarda, latsawa guda. Ƙi, sai da takarda da tambur. A watan Mayu 2025 kuma Netflix, masu nuna him, sunka ɗauke jerin zaɓi daga gehen hagu sunka maida shi bisa, sunka girmama hotuna. Masu biya kowane wata sunka nemi a maido masu tsohon, ba a maido ba.

Waɗanga duka mutane na masu ilimi, masu digiri, da harshensu anka rubuta abin. Sun ruɗe, sun yi hushi. Bale wanda ke tahiya da ƙirga.

Amma labarin da ya hi tsaya mani a rai na wani kamhwani na, Sonos, shi ma na Amurka. Su akwatunan sauti suke ƙerawa, masu tsada, ana sarrafa su da waya. A watan Mayu 2024 sunka sake tsarinsu gaba ɗai. Mutane sunka tashi sunka iske abubuwan da sunka saba da su babu. Mai sa akwati shi tashe shi da asuba ya nemi wurin, bai gani ba. Mai jera waƙoƙi ya kasa gyara jerinsa. Makahi kuwa sun hi kowa shan wuya, don wayarsu da ke karanta masu rubutu da murya ta kasa bin sabon tsarin yadda ya kamata. Da na ji zancen makahin nan sai na tuna da ɗalibina. Makaho ya san ɗakinsa: ga randa, ga gado, ga ƙohwa. In ka shiga da dare ka sake ma kowane wuri, ko da ka share ka yi shahe, ba ka kyauta mashi ba. Wanda bai iya karatu ba, haka shike gaban tele. Wuri ya sani, ba suna ba.

Masu akwatunan Sonos ba su yi shiru ba. Sun yi ta kuka, sun hana 'yan uwansu saye. Ciniki ya ja baya. A watan Yuli 2024 shugaban kamhwanin, Patrick Spence, ya hito ya ba mutane hanƙuri. Kamhwanin ya ce gyaran ɓarnar zai ci dalar Amurka miliyan 20 zuwa 30. In an juya da kuɗɗinmu ya hi miliyar 10. A watan Janairu 2025 shugaban ya bar kujera.

Akwai kuma wanda da yawa cikinku sun gani da idonsu. A watan Janairu 2021 WhatsApp ya hiddo rubutu cikin wayoyi, ya ce kowa shi yarda da sabbin sharuɗɗa kahin 8 ga Fabrairu. Miliyoyin mutane cikin duniya sunka hwara ƙaura zuwa Signal da Telegram. Da kamhwanin ya ga haka ya ɗaga ranar zuwa 15 ga Mayu, daga baya kuma ya ce ba za a rage ma kowa komi ba don bai yarda ba. Ke nan suna ji. Amma ba kuka suke ji ba, ƙarar takalman masu hita suke ji.

To mu nan, wa zai ji takalmanmu? Gaskiya ta mai ɗaci. Akwatin ɗalibina ba a nan anka saye shi ba. Babu biro nasu a Tawa, babu a Yamai da ya sani. Takardar da ta zo cikin kwali ba da Hausa ba, ba da Tamajak ba, ba da Fulatanci ba. Wanda ya zauna ya sake huskar nan bai san akwai Bambeye cikin duniya ba. Bai san akwai mutum da ke ciyar da gida da "ƙasa sau 2, dama sau 3" ba.

Dattijai sun ba mu labarin telen zamanin Kunce, wadda gwamnati ta kai ƙauyuka da yawa, tana aiki da hasken rana. Tasha guda ta, Tele Sahel. A kunna da maraice, a kashe in an gama. Ba ni cewa mu koma can. Yanzu mutum na zaune rumhwarsa shina ganin Makka, shina ganin farashin albasa, shina ganin ɗansa da ke Libiya na magana. Wanga alheri na. Amma waccan, yadda ka bar ta jiya haka kake iske ta yau. Galma ma haka take. Kekenka ma haka. Waɗanga sabbin kaya su na na hwarko da mutum ke saye, shi kai ɗakinsa, shi kulle, mai su kuma shina da mabuɗi.

Daren nan ban yi darasin da na shirya ba. Na ce a ɗauko tele da akwati a kawo aji. Munka aje su gaban allo, mu goma sha bakwai. Rubutun da ke bisa gilashi Faransanci na, mu kuma Hausa muke koyo. Wasu sunka ce to ina amhwanin karatunmu nan? Na ce ku duba da kyau. Baƙaƙen ai su na. Wanda ya san T da E da L, zai gane sunan tasha ko da an kai shi ƙurya. Munka bi hotunan ɗaya ɗaya, kowa shina hwaɗin baƙin hwarko. Wata tsohuwa da ke zama baya, wadda ba ta cika magana ba, ita ta hwara hango sunan tashar da ake nema. Can ƙasa anka kai shi, layi na biyar. Aji ya ɗauki taɓi. Mai gidan kallo ya yi dariya, daga nan ya yi shiru. Na san yaronsa ya tuna.

Ga abin da munka rubuta bisa allo daren nan. Ku kwahe shi cikin kayenku.

In kun kunna tele ko waya kunka ga huska ta sake, kada ku bugi yaro, kada ku yi saurin kai ma mai gyara. Ku tambayi wani mai irin kayanku. In nashi ma ya sake, to daga kamhwani na, babu abin da ya lalace, babu abin biya.

In kun ga layi na cika, kada ku cire wuta, kada ku zare batir. Katse shi tsakiya na iya kashe akwati da gaske. Ku bari shi gama.

Kalma uku ku riƙe. *Accepter*, wato na yarda. *Plus tard*, wato sai an jima. *Annuler*, wato a hwasa. In rubutu ya hito ba ku gane ba, kuma akwai "sai an jima", ku latsa shi, ku nemi mai karanta maku. Kada ku latsa "na yarda" don sauri. Wani rubutu sharuɗɗa na, wani kuwa biyan kuɗɗi na kowane wata, sai ka ga kiredi na zurarewa ba ka san ta ina ba. Dangwala yatsa bisa takardar da ba ka karanta ba, da latsa wanga wuri, duka ɗaya na.

Ku nemi wata alama mai kama da haƙoran keke, inda sarƙa ke hawa. Nan ake gyara tsari. A akwatuna da yawa, nan ake hana talla motsi da kanta. Wanga ya hi komi amhwani ga mai sayen mega da dala dala, don hoto mai motsi shi ke shan mega, ko kuna kallo ko ba ku kallo. A waya kuma ana iya hana ta sabunta kanta sai da izini. Amma in gaya maku gaskiya, ba kowane canji ke taruwa ba. Wani daga can suke juya shi, ko ka kulle ko ba ka kulle ba.

Mai gidan kallo, ka kunna kayanka tun da rana in akwai babban wasa. Kada ka amshi kuɗɗin mutane sai hoto ya tsaya.

Na ƙarshe na masu bida na. Ku da ke Abijan, da Lagos, da Libiya, in za ku aiko da kaya gida, kada ku koya ma iyayenku ƙirga kaɗai. Ku rubuto masu sunan abin da manyan baƙaƙe, ku zana alamarsa, a liƙa jikin bango kusa da tele. Ƙirga na ɓacewa cikin dare guda. Suna kan daɗe.

Wani cikin aji ya ce mu rubuta ma kamhwanin takarda. Wasu sunka yi dariya. Ni ban yi ba. Munka rubuta ta da Hausa, kowa ya kawo jimla guda. Mun ce a bar ma mutum zaɓi, mai son sabuwa shi ɗauka, mai son tsohuwa shi riƙe. Mun ce in za a sake, a hwaɗi tun da wuri, kuma da murya, ba da rubutu kaɗai ba. Mun ce a sa harsunanmu, tunda ana amsar kuɗɗinmu. Mutum goma sha ɗaya sun sa sunansu da hannunsu, shida sun dangwala. Takardar na cikin jakata. Ƙanen mutumin ya ce zai nemo mamu inda ake aikawa daga wajen wanda ya saida mashi.

Gidan kallo ya koma aiki. Yanzu akwai kwali liƙe ga ginshiƙin rumhwa, da sunayen tasha huɗu, rubutun maigida na da kansa, S ɗin guda ya juya baya. Ya saya ma yaron takalmi ran kasuwa, bai ce komi ba, yaron ma bai ce ba. Tallar nan tana nan bisa, mun dai hana ta motsi da ƙara. Jika 2 na mai gyara ba su komo ba.

Wanda irin wagga ta sama, a Kalfu, ko Takanamat, ko Afala, ko cikin rugga, shi rubuto ma jarida da hannunsa, ko layi uku na. Shi hwaɗi irin kayan, da abin da ya gani bisa gilashi, da abin da ya kashe. Za mu haɗa da tamu takarda.

Zancen awon hatsi sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.